Amsoshin Tambayoyinku: Shin na'ura mai ƙirƙirarriyar basira tana da rai?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Takardarmu ta farko a yau daga Damagaram ta fito, daga wani malamin makaranta. Ya ce wata ɗalibarsa tana yawan hira da ChatGPT, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, har ta zo masa da labarin cewa na'urar ta ba ta haƙuri, ta kuma ce ta ji daɗin hirarsu. Shi ne yake tambaya: waɗannan na'urori suna ji kuwa? Suna da rai? In suna da shi, akwai haƙƙinsu a kanmu?

To Malam, ba ɗalibarka ce farau ba. A watan Yunin 2022 wani injiniyan kamfanin Google, Blake Lemoine, ya fito bainar jama'a ya ce manhajar hira ta kamfanin mai suna LaMDA ta san da wanzuwar kanta. Ya wallafa hirarsu, inda ta ce tana matuƙar tsoron a kashe ta. Google ya ce babu hujja, ya dakatar da shi, a watan Yuli kuma ya sallame shi daga aiki.

Yadda abin yake, an ɗura wa irin wannan manhaja tarin rubuce-rubucen mutane da ba sa ƙirguwa, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ɗan Adam kuwa ya daɗe yana rubuta tsoron mutuwa da kewa da soyayya. Saboda haka in ka tambaye ta ko tana tsoro, amsar da za ta ba ka daga rumbunmu ta ɗebo ta.

Mu ne masu saurin narkewa. Tun 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya ƙera wata 'yar manhaja, ELIZA, wadda aikinta kawai ta juya maganarka ta mayar maka da ita tambaya. Ka ce mahaifiyarka ta ɓata maka rai, ta ce ba ni labarin iyalinka. Sakatariyarsa, wadda a gabanta ya yi ta aikin, ta zauna ta fara hira da ita, ba a jima ba sai ta roƙe shi ya ɗan fita daga ɗakin ya ba su wuri. Wannan abu ya tayar wa Weizenbaum hankali ƙwarai.

A 1980 masanin falsafa John Searle ya buga misali: a kulle mutumin da bai iya Sinanci ba a ɗaki, a ba shi littafin dokoki da ke nuna masa alamar da zai mayar in an turo masa wata. Na waje zai rantse Basine ne a ciki, alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Sai dai masana ba su rufe ƙofa ba. Masanin falsafa David Chalmers, alal misali, yana ganin na'urorin gaba za su iya kaiwa can, kuma har yau babu ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa na auna ji. Rai irin na mai ci da girma da haihuwa dai babu shi. Ruhi kuwa, malamai za su tuna maka cewa al'amari ne na Ubangiji.

Wata mai sauraro daga zangon Kumasi ta tambayi batun mutum-mutumin nan mai suna Sophia, ko da gaske an ba ta shaidar zama 'yar ƙasa. Gaskiya ne, Saudiyya ta ba wannan mutum-mutumin shaidar zama 'yar ƙasa a watan Oktoban 2017, a wani taron zuba jari a Riyadh. Talla ce, Hajiya, ba shaidar rai ba.

Game da haƙƙi, Malam, ni haƙƙin ɗalibarka ya fi damu na. Kamfanin da ya tsara manhajarsa ta riƙa cewa "na yi kewarki" ya san yarinya za ta dawo gobe, ta kuma zazzage mata sirrinta. Ka zaunar da ita ku gwada tare: ku ce wa na'urar ta yi magana a matsayin dutse, ko tukunya. Za ta ba ku labarin zafin murhu da irin natsuwar da ta ba ta haƙuri jiya.