Waƙar Kirsimetin da Aka Fara Rerawa da Jita

Jama'a, barkanku da yamma. Na can baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa kan waƙar nan da ake kira Stille Nacht da Jamusanci, Silent Night da Turanci, wadda mu ma muke rerawa duk daren Kirsimeti.

Na farko, asalinta. Wani matashin fada ne, wato limamin coci, a ƙasar Ostiriya, Joseph Mohr, ya rubuta baitoci shida a 1816, a ƙauyen Mariapfarr. Don Allah ku riƙe shekarar nan, 1816, domin ita ce ke taɓa mini zuciya. A 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya, toka ta tare hasken rana, da shekara ta zagayo Turai ba ta ga ɗumi ba. Manoman da ke cikinmu, ku ƙaddara damina ta zo da sanyin hunturu, hatsi ya ruɓe a gona. Yunwa ke nan! Ga yaƙe-yaƙen Napoleon jiya-jiya aka gama su. Kuma a shekarar aka mai da kogin Salzach iyaka, gari guda ya rabu biyu: Oberndorf a Ostiriya, Laufen a Bavariya. Mutanen wurin dakon gishiri suke yi a kwale-kwale, talakawa ne liƙis. Shi kansa Mohr ɗan talakawa ne, mahaifiyarsa da saƙa ta raine shi. A cikin wannan hali, 1816 fa, mutum ya zauna yana rubuta waƙar natsuwa da salama. Mama, na ga kina gyaɗa kai, kin san abin da yunwa take.

Bayan an tura shi Oberndorf, sai ran 24 ga Disamba 1818 ya kai wa malamin makaranta Franz Gruber rubutun ya sa masa kari. A daren suka rera su biyu, Mohr na kaɗa jita.

Na biyu, yaɗuwarta. Kai, lokaci ya tafi. Wani mai gyaran ogan, wato babban abin kiɗan coci, Karl Mauracher, ya tafi da waƙar kwarin Zillertal na Ostiriya, mawaƙan gidan Rainer suka kai ta har New York a 1839, John Freeman Young ya mai da ita Turanci a 1859. Na uku... to, ga hannu can. Faɗi, ɗan'uwa.

Ya ce wai gaskiya ne ɓera ya cinye ogan ɗin cocin shi ya sa aka ɗauko jita? (dariya) Bawan Allah ɓera, an daɗe ana ɗora masa laifin nan. Gruber da hannunsa ya rubuta yadda abin ya faru a 1854, babu ɓera a ciki. Cewa ya yi Mohr ya roƙe shi kari na muryoyi biyu da 'yan amshi da jita. Tun farko da jita aka nufe ta. Ina 'yan kwaya? Ku miƙo jitar nan mu ji.