Amsoshin Tambayoyinku: Idan ma'aikaci ya bar aiki, ina makomar hutun da bai ci ba?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Yamai. Saƙonnin wannan mako sun taru a kan magana ɗaya, wato kuɗin hutun shekara, shi ya sa muka haɗa su wuri guda.

Na farko ya fito ne daga wani bawan Allah a unguwar Bukoki. Ya ce ya yi wata 20 yana gadi a wani kamfani, albashinsa jika 60, bai taɓa zuwa hutu ba. Duk sanda ya nema sai a ce masa babu wanda zai riƙe masa ƙofa. Yanzu an sallame shi da albashin watan ƙarshe kawai. Yana tambaya ko yana da sauran haƙƙi.

Malam, kana da shi, kuma ba kaɗan ba. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta ce duk watan da ma'aikaci ya yi yana aiki, ya tara kwana biyu da rabi na hutu, wanda mai aikin ne zai biya. A shekara kwana 30 ke nan. Idan aiki ya ƙare mutum bai ci hutunsa ba, kwanakin ba su faɗi ba, kuɗi ake mayar da su a ba shi. To ɗauko alƙalami mu yi lissafi tare. Wata 20 sau biyu da rabi, kwana 50. Albashin jika 60, in ka raba shi 30, jika 2 ke nan kowace rana. Kwana 50 sau jika 2, jika 100. Wannan lissafi ne na kusa, domin akwai wasu alawus da ke shiga ciki, amma ka ga inda aka dosa.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin yana ci mini rai. Da yawa daga cikin masu ɗaukar ma'aikata suna ɗaukar kuɗin nan kamar kyauta, in sun ga dama su ba da, in ransu ya ɓaci su hana. Ba haka ba ne. Mutumin da ya kwana 600 a bakin ƙofa, da sanyin hunturu da zafin bazara, yana kaɗa sauro wasu suna barci, ya riga ya biya kuɗin hutun nan da jikinsa. Bashi ne a wuyan mai aiki. An hore mu da mu ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, balle wanda ya yi wata 20 yana jira.

Sai saƙon wata 'yar'uwa daga Wadata. Ta yi wata 7 tana sayar da kaya a wani babban kanti, ta samu wani aikin ta ajiye wannan. Maigidan ya ce tunda ita ta tafi da ƙafarta, kuma ba ta cika shekara ba, ba ta bin sa ko dala.

Malama, maigidanki ya cakuɗa abu biyu. Kuɗin sallama, wanda ake ba wanda aka kora, shi ne ba ki da shi. Kuɗin hutu daban ne. Gaskiya ne sai an cika wata 12 ake tafiya hutun, amma kwanakin tun watan farko suke taruwa. Ke kin tara kwana 17 da rabi, kuma ajiye aiki da kika yi bai share su ba. Sai dai zan tambaye ki: kin ba shi sanarwa kafin ki tafi? Domin shi ma yana da haƙƙin a sanar da shi da wuri, kuma in ba ki yi ba yana iya neman diyyar wannan wa'adin.

Wani direba kuma ya ce shi yana nan kan aikinsa, so yake a ba shi kuɗin ya ci gaba da tuƙi, hidimar gida ta yi yawa. Mun fahimci halin da ake ciki, amma doka ba ta yarda ba. Muddin kana bakin aiki, hutun za ka tafi, albashinka na hutu a aljihu. An yi haka ne don kada talauci ya sa mutum ya sayar da lafiyarsa, kuma direban da bai huta ba, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba. Malamin makarantar gwamnati da ya rubuto, ku dokar ma'aikatan gwamnati ce ke kula da ku, sai mu ware muku wani shiri.

To in an hana ka fa? Kada ka fara da faɗa. Tattara takardun albashinka, da kwantiragi, da katin CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, in kana da shi. In babu takardar kwantiragi ma ba a rufe maka ƙofa ba, abokan aiki da saƙonnin waya duk shaida ne. Ka nemi haƙƙinka a rubuce, ka riƙe kwafi. In ba a saurare ka ba, ka je ofishin sufeton aiki, zai kira ku duka biyu ya gwada sasanta ku. In sulhu ya gagara, sai kotun ma'aikata. Ranar sallama kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi wanda ya iya Faransanci ya karanta maka, kuma ka karɓi takardar shaidar aikinka. Ka hanzarta, domin neman haƙƙin albashi yana da wa'adi a doka.

Malam na Bukoki, muna jiran ka rubuto mana yadda kuka ƙare da su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.