Ikko, garin da teku ta tara wa mutane

Jama'a masu saurare barkanmu da wannan lokaci. Yau sharhin namu a kan Ikko ne, wato Legas, kuma abin da ya tado min da maganar wani masallaci ne da na yi azahar a cikinsa a titin Martins can cikin tsibiri, wajen da 'yan tireda da 'yan dako suka cushe hanya har sai ka karkata kafin ka wuce. Sunansa masallacin Shitta-Bey. In ka tsaya ka ɗaga kai ka kalli gabansa wallahi ba irin wanda muka saba gani a Kano ko Zariya ba ne, gini ne na salon Birazil, samansa ya tashi da tsini, an yi masa ado irin na tsofaffin gidajen can.

To ku ji yadda aka yi shi. Wanda ya sa kuɗinsa, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, ɗan Yarabawan nan ne da aka ƙwato daga jiragen bayi, ya zo ya yi arziki da fatauci a kogin Kwara. Wanda ya jagoranci ginin kuma Da Costa, daga cikin waɗanda suka dawo daga bauta a Birazil ne. Ranar buɗewa a 1894 gwamnan Turawa Carter yana wurin, sannan Sarkin Musulmin Usmaniyya daga Istanbul ya aiko wakili, wani Baturen Ingila da ya musulunta mai suna Abdullahi Quilliam, shi ya kawo wa Shitta sarautar Bey ɗin nan. Masallaci ɗaya fa, amma Saliyo da Birazil da Ingila da Turkiyya duk kowa da hannunsa a ciki.

Garin yana da masu shi, wannan ba abin musu ba ne, Awori, wani reshen Yarabawa, ne suka fara zama, daular Bini ta zo ta kafa sarauta, har gobe fadar Oba, wato sarkin garin, tana nan a unguwar Isale Eko. Sunan Legas kuma 'yan Fotugal ne suka raɗa. Ingila ta shigo ne da igwa a 1851, jiragenta suka yi wa garin ruwan wuta suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye da sunan hana cinikin bayi, bayan shekara goma a 1861 suka sa Sarki Dosunmu, magajin Akitoye, ya sa hannu ya miƙa musu garin baki ɗaya. Hana bauta alheri ne, amma dai ai mun ga abin da ya biyo baya, manja da tashar jirgin ruwa duk suka koma hannunsu.

Inda maganar ta taɓa mu kai tsaye shi ne 1863. A shekarar ne wani hafsan sojan ruwa Glover ya tara 'yan samarin Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki, ake ce musu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar rundunar sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Ni abin yana min nauyi a zuciya in na tuna, don mutanen nan 'yanci suke nema, sai aka juya su aka yaƙi masarautar Yarabawan Ijebu da su a 1892, kuma rundunar da ta tsiro daga irinsu ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Duk da haka sun zauna, sun yi aure sun hayayyafa, unguwar Obalende da su ta ginu. Da dogo ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912 sai fataken goro da na shanu suka biyo, Agege ta cika, daga baya ga Idi-Araba ga kasuwar Mile 12 da tireloli ke sauke tumatir da albasa da tattasai tun asuba. Kenan ɗan'uwa mai tura baro ko mai sayar da tsire a can, kakanninka sun haura shekara 160 a garin nan.

Abin da ke damuna shi ne shaidun wannan tarihi suna ta faɗuwa. Akwai wani gida kusa da dandalin Tinubu da ake kira Ilojo Bar, ginin mutanen Birazil ne tun ƙarni na 19, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma ranar 11 ga Satumba 2016, ana jajibirin babbar sallah mutane sun tafi hutu, aka kawo katafila aka baje shi. Na je wurin daga baya ban samu abin da zan nuna wa yaron da ya raka ni ba sai fili. Masallacin Shitta-Bey dai yana nan ana sallah biyar a cikinsa, duk wanda Allah ya kai shi tsibirin Ikko don Allah ya ratsa titin Martins ya yi raka'a biyu, kafin ya shiga ya ɗan ja da baya ya kalli gaban ginin.