Tikitin kyauta ne, amma wa zai kai yaron dutsen?

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina nan Kano cikin hazon hunturu, na ƙudundune da rigar sanyi, amma baƙin nawa biyu dariya suke yi mini. Hajiya Rabi tana birnin Denver a jihar Kolorado ta Amurka, Nura kuma yana karatu a Suwizalan. Hajiya, ina kwana, ko ina wuni zan ce?

Hajiya Rabi: Ina kwana dai, Malam, nan gari bai daɗe da wayewa ba. Wannan sanyin naka ai mu nan bazara ce.

Nura: Malam, ka zo ka ga mota ta kwana a waje, da safe sai an haƙo ta da shebur.

Malam Sani: A'a, ku riƙe abinku. Hoton da kika turo ne ya jawo hirar yau, Hajiya. Na ga autarki da hular kwano, ƙafafunta a ɗaure kan wasu dogayen alluna biyu, tana gangarowa daga dutse fari fat. Kika ce wai kyauta ne. Ni kuwa na san wasan zamiyar ƙanƙara na masu hannu da shuni ne.

Hajiya Rabi: Ba ka yi kuskure ba. A manyan wuraren nan irin su Vail, tikitin babba na yini ɗaya a lokacin hutu yakan haura dala 250. Amma kamfanin da ke da wurin, Vail Resorts, yana da wani shiri, Epic SchoolKids, na yaran jihar tun daga ajin share fage har zuwa aji biyar na firamare. Yaro yana samun kwana huɗu-huɗu kyauta a wurare biyar: Vail, Beaver Creek, Breckenridge, Keystone da Crested Butte. Kwana 20 ke nan. Wanda bai taɓa hawa ba kuma a ba shi darasin farko da aron kaya, shi ma kyauta.

Malam Sani: Ikon Allah. To su ina ribarsu?

Hajiya Rabi: Yo Malam, 'yar shekara bakwai za ta tuƙa kanta zuwa dutse ne? Dole uwa ko uba ya bi ta. In zai hau tare da ita, ya sayi nasa tikitin, ya yi hayar kaya, su ci abinci a can. Kuma yaron da ya saba tun yana ƙarami, in ya girma shi ne mai saye. Lissafi ne irin na mai ƙosai da ke ba yaro ɗanɗano.

Nura: Amma ba laifi ba ne, Anti.

Hajiya Rabi: Ban ce laifi ba ne, ai mun ci moriyarsa. Abin da nake so iyaye su gane shi ne, tikitin nan shi ne mafi ƙanƙantar ɗawainiyar. Shekarar farko ma rajistar ta wuce ni, don tana rufewa tun kafin sanyi ya shigo, ni kuma sai da na ga dusar ƙanƙara a ƙasa na tuna. Shekara ta biyu na yi da wuri. Sai ga maganar sutura: wando da rigar da ruwa ba ya ratsawa, safar hannu mai kauri, tabarau na musamman saboda hasken rana da ke dawowa daga ƙanƙarar. Gwanjo na nufa kai tsaye, ba kunya. Sannan hanya. Daga Denver zuwa Keystone kamar kilomita 120 ne, amma ranar Asabar cunkoson babbar hanyar I-70 sai ya mayar da tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma awa uku. Mukan fita bayan sallar asuba. Yanzu ka ɗauki uwar da ke aikin dare a asibiti ko uban da ke tuƙin tasi ranar Asabar, wanda shi ne halin yawancin mutanenmu a nan. Katin kyautar yana aljihu har sanyi ya wuce.

Nura: Nan ne tsarin Suwizalan ya bambanta. A nan makaranta ce ke ɗaukar ajin gaba ɗaya, a tafi dutse mako guda tare da malamai, a kwana a can. Ɗan baƙo da ɗan gida duk mota ɗaya suke shiga, ba sai uban yaro ya iya wasan ba. Har kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a watan Disambar 2017 cewa in tafiyar dole ce, ba za a karɓi fiye da kuɗin abinci daga iyaye ba, wato bai wuce faran 16 na kuɗin ƙasar a rana ba, tunda karatun firamare kyauta ne a tsarin mulkinsu.

Malam Sani: Har kotu ta shiga maganar wasan yara?

Nura: Su ba wasa suka ɗauke shi ba, al'ada ce. Akwai ma wani sansani da ake kira Juskila, tun 1941 ake yinsa. Duk farkon Janairu ana tara yara 600 masu shekara 13 da 14 a garin Lenk, kuma da ƙuri'a ake zaɓensu, ba da ƙwarewa ko sanayya ba.

Hajiya Rabi: Ka ji abin da nake faɗa. A Amurka ma wurin da ya fi burge ni ba babba ba ne. Wani ɗan tudu ne a garin Richmond na jihar Vermont, ana kiransa Cochran's. Mata da miji, Mickey da Ginny Cochran, suka kafa igiyar jan mutane zuwa saman tudun a bayan gidansu a 1961 don 'ya'yansu da yaran maƙwabta. 'Yarsu Barbara Ann ta ci zinare a gasar Olamfik ta Sapporo a 1972, jikansu Ryan Cochran-Siegle ya ci azurfa a Beijin a 2022, shekara 50 cif a tsakani. Yanzu wurin ba na neman riba ba ne, makarantun yankin na kawo yara, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a mayar da yaro gida don iyayensa ba su da kuɗi.

Malam Sani: To bari in yi tambayar da ke cin ran kowace uwa. Karaya fa?

Hajiya Rabi: Ni ma ranar farko addu'a nake ta yi a gindin dutsen. Amma ba a fara su daga sama. Wani fili ne mai ɗan gangare kaɗan, da wata shimfiɗa mai tafiya da kanta da ke hawar da su. Abin da ake fara koya musu shi ne tsayawa. Malamin zai ce su haɗa kan allunan biyu su buɗe bayan, kamar yankan fiza, gurasar nan ta Turawa, sai gudun ya ragu. In ana so su tafi, sai su daidaita su a jere kamar soyayyen dankali. Duk yini abin da za ka ji ana kira ke nan, fiza, dankali, fiza, dankali. Kuma yaro kusa yake da ƙasa, in ya faɗi sai ya tashi yana dariya.

Nura: Babba ne ke shan wahala. Ni da na gwada ina da shekara 26, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni kamar iska, wata ma ta tsaya ta tambaye ni ko ina lafiya.

Hajiya Rabi: Shawarata ga iyaye, kada ka ce kai za ka koya wa ɗanka, ku bar wa malamin, don da kai zai yi ta kuka ne. Kada a wuce awa biyu a ranar farko. A ba shi ruwa sosai, domin wuraren nan sun kusa mita 3,000 daga doron teku, kai yakan yi ciwo. Safa kuma guda ɗaya tak a cikin takalmin. Ni uku na jibga mata don tausayi, ashe matse ƙafar suke yi jini ya kasa zagayawa, sanyin ya ƙaru.

Malam Sani: Ke fa, Hajiya, kin taɓa hawa?

Hajiya Rabi: Ni? Aikina riƙon fulas ɗin shayi da jakar safa a bakin taga. Amma autar ta sa ni gaba, wai bana sai na ɗaura.

Nura: Anti, in za ki je ki sanar da ni, zan turo miki hular kwanona.

Malam Sani: Mu kuma a turo mana bidiyon. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.