Darasi: Amfani da WeakMap a JavaScript don abubuwan da ba sa daɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku duba allon nan. Shafinmu yana fitar da katin sanarwa, ya zauna daƙiƙa 5, a cire shi. Bayanin kowane kati muna ajiye shi a Map, wato ma'ajin da ke haɗa mabuɗi da ƙima, katin ne mabuɗi. To ga matsalar: an cire katin daga shafi, amma Map na riƙe da shi, saboda haka mai kwashe shara na burauza ba zai taɓa shi ba. Kati dubu, gawa dubu a ƙwaƙwalwa.

Layi ɗaya za mu canza: new Map ya koma new WeakMap. Tun ES2015 yake, ba sai an girka komai ba. Manyan ayyukansa huɗu ne: set, get, has, delete. Babu size, babu forEach, kuma da gangan aka yi haka, tunda ba ku san lokacin da za a yi sharar ba. Mabuɗin kuma ya zama abu, wato object, kamar katin kansa. In kuka ba shi lambar kati ko rubutu, TypeError zai fito nan take.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne ake tuntuɓe. WeakMap yana sakin katin ne idan babu wani da ke riƙe da shi. Idan setInterval da ba a tsayar ba yana ambaton katin, ko kun jefa shi cikin wani array a sama, to yana nan daram. Har console.log ma: in DevTools, wato kayan binciken shafi na burauza, a buɗe yake kuka buga katin, Chrome zai riƙe shi don ya nuna muku. Ku goge wannan layin kafin gwaji.

Ga gwajin. Ku shiga Memory a DevTools, ku ɗauki heap snapshot, wato hoton abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ku fitar da kati 200, ku jira su ɓace, ku sake ɗauka. A akwatin tacewa ku rubuta Detached, wato waɗanda aka cire daga shafi amma suna nan a ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya rage, ku danna shi ku duba Retainers a ƙasa, zai faɗa muku wanda ya riƙe shi.

Masu Java, ku kula: a WeakHashMap, idan ƙimar tana nuni zuwa mabuɗinta, ba za a taɓa sakinsu ba. A JavaScript wannan ba ya hana komai. Ni na fi son WeakMap a kan WeakRef, wata hanyar nuni ga abu ba tare da riƙe shi ba, a irin wannan aiki, domin ba sai kana duba deref kowane lokaci don ganin ko abin yana nan ba.