Koren da ke kan Dutsen Senghor: tsiro ne ko ƙura?

Nasiru: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ni da Zainab muna nan, Dakta Rabi ma ta iso. Tun makon jiya abu ɗaya ake ta turo mana, hoton tauraron ɗan'adam ɗin nan da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai.

Zainab: Mai jan da'ira a tsakiya.

Nasiru: Shi. Teku shuɗi fes, sai wani tabo kore a arewa maso gabashin tsibirin Sal na Cape Verde, an rubuta a ƙasa wai Dutsen Senghor, wanda ke ƙarƙashin teku a wurin, shi ne ya fito da tsiro. Dakta, haka ne?

Rabi: Yana iya yiwuwa, Malam, amma hoto ɗaya ba ya ba da shaida. Babu kwanan wata a jikinsa, babu sunan na'urar da ta ɗauka, babu ma'aunin launi a gefe. In ka matse ma'aunin tsakanin miligiram 0.1 da 0.2 na kulorofil, wato sinadarin da ke sa tsiro kore, a kowace kubik mita, duk inda ka duba a teku sai ka ga tabo.

Zainab: Amma ai dalilin yana nan, Dakta. Kan Senghor bai fi mita ɗari ba ƙarƙashin ruwa.

Rabi: Yana nan. Ruwan sama-sama yana da haske amma ba taki, na ƙasa yana da naitiret da fosfet amma duhu ne. In kwararar ruwa ta ci karo da dutse, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya hau gangaren. Cikar teku da janyewarta kuma suna tayar da igiyoyi a can ciki, suna fashewa a jikin dutsen suna gauraya ruwa. Sannan ga hular Taylor: saboda juyawar duniya, wani ruwan yakan tsaya a kan ƙololuwa yana zagaye a wuri ɗaya. In takin ya kai inda haske yake, kuma ruwan ya daɗe, fitoplankton, wato ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa, sai su hayayyafa.

Nasiru: Gansakuka ke nan.

Zainab: Malam, mun dawo nan kuma?

Nasiru: Mai sauraro a Gumel ya san gansakuka. Ya gan ta a bakin randa, ya gan ta a kududdufi.

Zainab: Waccan ai tana manne da abu, kuma da hannu kake kwashe ta. Waɗannan ƙwayoyi ne ɗaiɗai, sai da madubin likita. Wani ma bai kai maikuron ɗaya ba.

Nasiru: To kainuwa. Ita ai yawo take a kan ruwa, dashen Allah.

Zainab: Kainuwa mai ganye da saiwa? Haba Malam.

Nasiru: Masu sauraro biyu sun ce a kira su ƙurar ruwa.

Rabi: Wannan kam a'a, don yanzu za mu zo kan ƙura ta gaske, sai mu rikita mutane. A bar su a fitoplankton, wanda ya ce gansakukar teku mun gane shi.

Nasiru: Kin ji, Zainab. An karɓa.

Zainab: An lamunta dai.

Rabi: To, kalmomi biyun da na faɗa su ne matsalar: in ya kai, in ya daɗe. Ku ɗauki Great Meteor, kudu da tsibiran Azores. Ƙaton dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai, amma kansa yana kusan mita 270 ƙarƙashin ruwa. Abin da ya ɗago da wuya ya taɓa sama. Shi kuwa Cobb, yamma da gaɓar jihar Washington, kansa yana wajen mita 30 kawai, kuma jiragen bincike sun auna ƙaruwar kulorofil a kansa. Tauraron ɗan'adam kuma saman ruwa kawai yake gani. Kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke fitowa daga teku yana fitowa ne daga 'yan mitocin farko, a ruwa garau kamar mita 20 zuwa 30. A tekun da ba taki kuwa, inda kulorofil ya fi yawa yana can tsakanin mita 80 da 120. Dutse zai iya ƙara tsiro a can ƙasa sosai, hoton ya nuna maka shuɗi kamar ba abin da ya faru.

Zainab: Wato rashin kore a hoto ba ya nufin dutsen bai yi aiki ba.

Rabi: Ko kusa. Shi ya sa ake haɗawa da na'urorin Argo masu auna kulorofil, waɗanda ke nutsewa zuwa mita 2000 su taso duk kwana goma.

Nasiru: To ɗalibin da ke son ya gwada da kansa, ta ina zai fara?

Rabi: Da taswirar ƙasan teku ta GEBCO, ya fitar da ainihin wurin ƙololuwa da zurfinta. Sannan bayanan launin teku, kyauta ne a shafin OceanColor na NASA da na Copernicus. Na'urar MODIS da ke kan tauraron Aqua ta fara aiki a 2002, akwai bayananta masu ɗigo na kilomita 4 da aka riga aka shirya. In dutsen ƙarami ne, na'urar OLCI ta tauraron Sentinel-3 tana ba da ɗigo na mita 300, amma daga 2016 ta fara. In ana son tsawon tarihi, haɗaɗɗen bayanin hukumar sararin samaniya ta Turai ya koma har 1997, zamanin na'urar SeaWiFS. Kada ya ɗauki ƙasa da shekara goma.

Zainab: Na kullum ko na wata?

Rabi: Na kwana takwas ya fi daidai. Na kullum gajimare da ƙyallin rana sun cinye rabinsa, na wata kuma ya shafe abin da ya zo ya wuce cikin mako guda. Sai ya zana da'ira a kan dutsen, a ce kilomita 20 ko 30, ya zana zobe a waje daga kilomita 50 zuwa 100, inda ruwa ke da zurfi kuma ba wani dutse ko tsibiri a ciki. Kafin ya ɗauki matsakaici, ya mayar da kulorofil zuwa logaridim, don 'yan ɗigo kaɗan masu yawan gaske suna jan matsakaicin sama. Ya cire yanayin shekara, wato ya kwatanta Janairu da sauran Janairu. Sai ya duba bambancin ciki da waje, ya ƙirga sau nawa ciki ya fi. Kuma duk ɗigon da zurfinsa bai kai mita 30 ba ya jefar da shi, don farin yashi da murjani suna maido haske, lissafin ya ɗauka tsiro ne.

Zainab: Akwai wanda kika bari. Da'irar ba lallai ta faɗa kan koren ba.

Rabi: Faɗa musu.

Zainab: Ruwan da ke tafiya santimita 10 a daƙiƙa yana cin kusan kilomita 8.6 a yini. Fitoplankton kuwa in sun samu yadda suke so, sau ɗaya suke ninkuwa a yini. Kafin kwana huɗu ko biyar da koren zai fito fili, ruwan ya yi kilomita 40 gaba. Don haka a raba da'irar gida biyu, inda ruwa ke shigowa da inda yake fita.

Rabi: Madalla. Kuma a Senghor akwai baƙi masu wucewa. Gaɓar Muritaniya da Senigal tana tura manyan da'irorin ruwa masu juyawa zuwa yamma, ɗauke da korensu tun daga gida. In ɗaya ta bi ta kan dutsen ranar da aka ɗauki hoto, shi ke nan an ba dutse yabon da ba nasa ba. Taswirar tsayin saman teku ce ke tona su, sai ka bi tabon baya mako-mako ka ga daga ina ya taso.

Nasiru: Yanzu ƙurar.

Rabi: Yauwa, nan ne na fi jin tsoron hoton. Kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da na'ura ke karɓa daga iska yake, na teku ɗan ragowa ne. Yadda ake tacewa shi ne, a hasken da ya wuce ja ruwa garau baƙi ne wuluk, duk abin da aka gani a nan sai a ce na iska ne, a yi kiyasin nawa ne a shuɗi, a cire. To ƙurar Sahara tana shanye shuɗi. Lissafin bai san da haka ba, sai shuɗin teku ya fito ƙasa da gaskiya, wani lokaci a nanomita 412, wato ma'aunin tsayin zangon haske, har ya koma ƙasa da sifili. Kulorofil kuwa daga kwatanta shuɗi da kore ake samun sa, a MODIS shuɗin 443 ko 488 a kan koren 547. Shuɗi ya ragu, lamba ta hau, ba tare da ƙwaya ɗaya ta ƙaru ba.

Nasiru: Hazon da ke hana jirgi sauka a Kano ke nan.

Rabi: Danginsa ne. Na Cape Verde da yawa daga Mali da Muritaniya yake tasowa, namu na hunturu kuma akasari daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi.

Zainab: Kuma ƙasar Bodele ɗin fara ce saboda ɓawon dayatom, na tsohon Tafkin Chadi lokacin da ya mamaye wurin shekaru dubbai da suka wuce.

Nasiru: Tsaya. Wato farar ƙurar da ke kwanciya a gilashin mota cikin Janairu, gawar gansakuka ce?

Zainab: Wani ɓangare nata. Fitoplankton na ruwan daɗi.

Nasiru: Allahu akbar. Ashe mai cewa ƙurar ruwa bai yi nisa da gaskiya ba.

Rabi: Kuma ƙurar tana ɗauke da ƙarfe da fosfaras, in ta sauka teku taki ce, musamman ga wani nau'in fitoplankton mai suna Trichodesmium. To akwai koren ƙarya, akwai na gaskiya, duk daga ƙura ɗaya, kuma ba ɗayansu da ya shafi dutse. Lokaci ne ke raba su. Na ƙarya yana zuwa rana ɗaya da ƙurar ya tafi tare da ita, na gaskiya sai bayan kwanaki. A buɗe bayanin kaurin ƙura na nanomita 869 gefe da gefe, ranar da ya hau a ajiye hoton ranar.

Nasiru: Bayan duk wannan tankaɗe, wani abu yana saura kuwa?

Rabi: Yana saura. Astrid Leitner da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2020 da bayanan shekara goma na tekun Fasifik. Sun samu ƙaruwa mai ɗorewa a kashi 17 cikin 100 na duwatsun da suka duba, a waɗanda kansu bai kai mita 100 ba kuma kashi 45, musamman na kusa da tsakiyar duniya. Senghor yana bakin wannan iyakar, shi ya sa ya cancanci a yi masa aikin yadda ya kamata. Kuma ko lamba ta hau, a duba hasken da ƙwayoyi ke watsowa baya, don tsiro yakan ƙara kulorofil a jikinsa in haske ya ragu ba tare da yawansa ya...

Nasiru: Dakta, ana yi mana alama ta gilashi. Mun yi alkawarin magana kan masu kamun tuna da kuma tauraron PACE da aka harba a Fabrairun 2024.

Rabi: PACE kaɗai zai ci rabin awa, yana auna launi duk bayan nanomita biyar, har ya gangara ƙasa da shuɗi inda ƙura ke...

Zainab: Mako mai zuwa, Dakta. Wanda ya fara yaɗa hoton kuma, don Allah ya turo mana kwanan wata da sunan na'urar.

Nasiru: Sai mun ji ku. A huta lafiya.