Jawabin Maraba ga Farfesa Umaru Pate, Kaigamman Adamawa, daga Kwamitin Tsofaffin Ma'aikatan Jarida da Masu Karatu na Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, Farfesa Umaru Pate, Kaigamman Adamawa, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, ɗalibai da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, mun san ayyuka sun yi maka yawa, saboda haka za mu faɗi abin da ke ranmu tun yanzu kafin lokaci ya ƙure: tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da muka tattara daga gidajen magabata suna lalacewa a hannunmu, kuma muna roƙon ka shige mana gaba a ɗauki hotunansu a adana a kwamfuta kafin wata damina ta same su.

Kai ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ko makirfo a ƙasar nan. Daga Jami'ar Maiduguri, inda ka yi digirin farko a 1987, ka je Jami'ar Ghana, ka dawo Maiduguri ka yi digirin digirgir, ka zama farfesa a 2007. Kai ne shugaban farko na Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, ka riƙe makarantar karatun gaba da digiri a can, sannan a 2021 aka damƙa maka ragamar Jami'ar Tarayya ta Kashere. Kana cikin waɗanda suka ja gaba har Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai. Ɗalibanka sun cika gidajen rediyo da talabijin, kuma idan ka yi magana, hukumomi da masu ba da tallafi suna saurare. Wannan sauraren ne muke neman aro.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ka taka yau ita ce mahaifar aikin jarida da Hausa. Nan aka kawo Hukumar Fassara, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Kofe guda yakan zaga unguwa, mai boko ya karanta da ƙarfi, manoma da masaƙa su kewaye shi suna sauraren labarin yaƙin Hitila, waɗanda kuma ba su iya boko ba aka sa musu 'Yar Gaskiya da ajami. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, a 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci, daga baya NORLA, wato hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta zo da littattafan Yaƙi da Jahilci waɗanda suka koya wa iyayenmu karatu da rubutu. A shafin wasiƙun masu karatu ne talakan Arewa ya fara koyon kai kukansa gaban hukuma a rubuce, tun kafin a kafa jam'iyyun siyasa. Duk wanda yake son sanin yadda ra'ayin jama'a ya riƙa juya manufofin gwamnati a wannan yanki, to a waɗannan shafuka zai fara nema.

Amma fa an bar Zariya da tarihi, an tafi da aikin. New Nigerian da ta gaji Citizen a 1966 a Kaduna ta zauna, ita kuma Gaskiya ta yi ta ja da baya har ta daina zuwa hannun masu sayar da jarida. Yaro zai gama karatun aikin jarida, ya haddace sunayen jaridun Ingila da Amurka, alhali bai taɓa buɗe shafi ɗaya na jaridar da aka buga a garinsu ba. Wannan abu yana ci mana rai, kuma ba mu ga amfanin ɓoye maka ba.

Abin da muka iya yi da ƙarfinmu shi ne bin gidajen tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e, muna roƙon magada kada su sayar wa masu ƙosai da tsire abin da iyayensu suka ajiye. Wasu sun ba mu, wasu mun makara. Abin da ya samu yana cikin akwatunan ƙarfe da kwalaye a ɗaki guda wanda rufinsa ke yoyo. Gara ta cinye gefen wasu ɗaurin har ta tafi da kwanan watan, takardar kuma ta yi ja ta bushe, idan ka ɗaga shafi sai ya karye a hannunka kamar busasshen ganyen kuka. Gaskiya ne akwai wasu kofe a manyan ɗakunan ajiya irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, amma ba kowane ɗalibi ke da kuɗin mota da na kwana ba, kuma babu wanda ya gwada namu da nasu don a gane fitowar da ba ta rage a ko'ina ba sai a nan.

Saboda haka muna sake roƙonka, Allah ya ja zamaninka. Ba gini muke nema ba, ba mota ba. Muna neman na'urar ɗaukar hoton takarda mai faɗin shafin jarida, da kwamfuta, da wutar sola, da ƙwararre guda da zai koya wa yaranmu aikin. Muna neman wasiƙa daga hannunka zuwa ga gidauniyoyin da suka san sunanka, da kuma wata jami'a da za ta ɗora aikin a intanet don ɗan Damagaram da ɗan Kumasi su karanta kamar ɗan Tudun Wada. Idan da hali, muna kuma so ka yi magana a majalisunku na malaman sadarwa a riƙa koyar da rubuta labari da Hausa a matsayin darasi mai zaman kansa, amma wannan zai iya jira. Takardun ne ba za su jira ba.

Muna roƙon ka ba mu minti goma bayan an tashi, ka leƙa ɗakin ka gani da idonka. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.